Guduman Ƙarfi da Yaron Danja

Ƙarfi, Talata.

Zuwa ga maigidana Almustapha, mai rowar cefane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa. Yaya aikin kemis da mutanen Funtuwa? An ce ka yi ƙiba, to ba dai da tuwona ba. Na ƙi kiranka a waya don muryata har ƙofar masallaci ake jinta, kuma maganar nan ba ta kunnen gari ba ce. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

An sa dambe ranar Juma'a bayan la'asar, tunda an gama cire masara. Babanka zai sa zare da wani Zaharaddeen daga Danja, ɗan shekara ashirin da huɗu, wuya kamar turmi. Garin nan har an manta da zancen tsadar taki. A mahauta, su Murtala abokan sana'arsa suna rantsuwa cewa Guduman Ƙarfi bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba, hannu ɗaya ya ishi yaron. 'Yan acaɓa kuwa sai nuna bidiyon yaron suke a waya, wai mai shekara arba'in da bakwai ya koma gida ya yi renon jikoki. Hajjo mai ƙosai ta matsa in faɗi nawa, na ce ai ni Guduma na haifa, ban haifi na Danja ba.

Dariya na yi, amma ta baka ce kawai. Almustapha, idon babanka na hagu ba ya gani. Bai gaya wa kowa ba, har uwarka. Tun damina na lura yana karkata kai in zai yanka nama. Jiya na gwada shi, na tsaya ta hagunsa na miƙa masa goro har hannuna ya gaji, bai waiwayo ba. Yaron nan kuwa da dama yake duka. Kai ma ka san inda hannun zai sauka.

In na gaya wa Sarkin Dambe za a fasa, amma kafin magariba sunan da ya yi shekara ashirin da biyar yana ginawa ya koma makaho. In na yi shiru, ina tsoron a kawo mini shi a kwance. Na taɓa masa maganar a kaikaice, ya ce an riga an gayyato makaɗa. Kada ka kira shi, ka dai yi addu'a.

Matarka ta fari,
Inna Adawiyya.

Ƙarfi, Alhamis.

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Na san 'yan waya sun riga ni, amma ka ji daga bakin mai laifin.

Ranar Juma'a na ɗauki kujerata ta tsakar gida na nufi fili. Na tarar an cika maƙil, kalangu na tashi, su biyun sun ɗaure hannu sun duƙa suna auna juna. Yaron yana ta zamewa ta hagun babanka. Ban san ko ya gane ba ne, ban kuma tsaya tambaya ba. Na ratsa mutane, na dasa kujerar a tsakaninsu, na zauna. Na gaya wa yaron ya bi layi, ni ce farko.

Aka yi dariya, daga baya aka koma ihu, har da masu jifa da ledar ruwa. Sarkin Dambe ya durƙusa yana ba ni haƙuri. Ban kula shi ba, na dubi babanka na ce, "In ka ɗaga hannun nan yau, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Makaɗa suka tsaya. Ya daɗe a tsaye, ƙirjinsa na hawa yana sauka, wallahi ban san abin da zai yi ba. Can ya sa haƙori ya ciji bakin zaren, ya kwance shi, ya fice. Zaharaddeen ya tsuguna ya gaishe ni kafin ya tafi. Yaron da tarbiyya, shi ya ƙara ba ni haushi.

Yanzu gardamar ta fi da zafi. 'Yan Ƙarfi na cewa da tsohuwa ba ta haukace ba da an kwashi yaron a tabarma, 'yan Danja na cewa tsoro ne ya sa aka turo ni. Yara na bina da waƙa. Babu wanda ya ambaci ido.

Kwana biyar babanka bai zo gaishe ni ba. Yau da safe ya tsaya a bakin ƙofa, bai tsuguna ba, ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun damina. Sai ya ce in rubuto maka ka bincika ranar da likitan ido ke zama a Funtuwa, kuma kai kaɗai za ka raka shi.

Ka aiko da amsa ta hannun direban da ya kawo maka wannan, a rufe. Kunun da na dama masa yana nan ya huce, kuma har ya fita bai ce mini Inna ba.

Taka,
Adawiyya.