Irin Cittar da Ba Za a Ba Yaya Tanimu Ba

Innar Shamsiyya,

Na wuce kasuwar Yelwa kina barci. Cittar maganinmu ta kamu da cuta. Jiya na ga ganyenta ya yi yaushi alhali ƙasa da danshi. Na yanki kara na tsoma a ruwa, sai farin abu kamar madara ya riƙa fita. Ƙwayar cuta ce. Na tumɓuke wadda ta kamu na ƙone.

Na san kin yi wa yayanki Tanimu alkawarin iri. In jirginsa ya iso daga Warra, ki ba shi tuwo da kifi ya ƙoshi, amma ko saiwa ɗaya kada ta bi shi. Fartanyar ma kada ki ara masa. Gara ya kira ni marowaci da in kashe masa lambu da sunan zumunci.

Baban Shamsiyya