Kogon da Na Yi wa Gogo

Zuwa ga Bandile ɗan Mabuza, mijina, inuwar da nake fakewa, ruwan randata mai sanyi, tsaunin da nake duba in san inda gida yake,

Ranar da aka kira ka gonar lemo ina kwance ina karatu. Ka leƙo da sandar kamun macizai a kafaɗa, ka ce macijiyar nan kasa ce ta shige ɗakin kwalaye, ma'aikata sun ƙi shiga, in rufe maka tuwonka har ka dawo. Na rufe. Sai ga labari kasar ta sare ka. Da na iso asibiti hannunka na dama ya kumbura ya yi baƙi kamar reshen da gobara ta lasa. Likitoci suka ceci hannun, suka cire yatsu uku, biyun da suka rage kuma ka ce ji kake kamar aro ka yi. Littafin yana nan a kife a kan matashinka, a shafin da na tsaya.

A littattafaina, masoyina, mace idan haka ta same ta suma take yi, ko ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni da na dawo gida wanke-wanke na yi. Na zubar da tuwon, na goge kwanon, na kife shi. Har yau hawaye bai zo ba. Ina ci ba na jin gishiri, ina zama a rana ba na jin zafi. Ina kiran ka da sunayen nan masu daɗi, farin watana, damina ta farko, kuma wallahi gaskiya ne kowannensu, sai dai suna fitowa kamar daga ɗakin maƙwabta nake jiyo su. Wace irin ƙauna ce wannan, da take nan daram amma ba ta motsi?

Daga asibiti ka wuce gidan Mama, mahaifiyarka, a Matsulu, ba ka biyo ta nan ba. Sau ɗaya ka ɗaga wayata. Ka ce: "Tengetile, ki koma gidanku, mesata Gogo kuma ki ba duk mai so. Hannun da ba ya jin kaifi cutar da abin da yake so zai yi." Daga nan ka kashe.

Unguwa ta samu abin taunawa. Maman Lungile ta tare ni a bakin shinge, ta ce ai kowa ya san mai ajiye maciji a ɗaki don arziki yake ajiye shi, kuma irinsu ba sa aikin kyauta, ga shi ya karɓi ladansa da yatsu. Na ce mata idan haka ne, to Gogo ta fi kowane maciji a lardin nan lalaci, don har yanzu rufinmu yoyo yake. Ta ce bakina ne zai kashe ni. Mahaifiyata ma maganar ke nan, sai dai ita da lallashi take faɗa. Ta ce yarinya kamata ba ta zaman gadin mesa a ɗakin da miji ya bari, ta kuma sa Yaya Menzi ya zo da a-kori-kurarsa ranar Asabar ya kwashe ni da kayana.

Ka san ban taɓa son Gogo ba. Ƙaramar mesar nan taka mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ka raɗa wa wannan suna mai nufin kaka saboda barcinta, kishinta ma na sha yi. Amma gab da ranar da aka kira ka gonar lemon ka mayar da ita babban akwatin gilashin da ka ƙera, ka ce kayan ciki sai ka samu sarari. Ka tafi ka bar ta a fili fetal, daga takarda a ƙasa sai kwanon ruwa. Ta matse a kusurwa, ta cusa kanta cikin jikinta. Na ba ta ɓera ta ƙi, na sake ta ƙi. Sai na tsinci kaina ina kallonta fiye da yadda nake kallon littafi.

Na fara haɗa mata kayan cikin akwatin ne don hannuna ya samu abin yi. Ashe duk surutunka da nake ji da rabin kunne ya zauna a kaina. Na sari reshen gwaba a bayan gida, na kankare shi, na gasa a obin da ƙaramar wuta don ƙwarin da ke ɓoye cikinsa su mutu. Wuta ta ɗauke ana tsaka, na jira ta dawo na sake daga farko. Wani ya ba ni guntayen katakon fayin masu ƙamshi, na tuna ka ce danƙonsu yana lalata numfashin maciji, na kai su murhu. Duwatsun da na tsinto a rafi na dirje su da ruwan zafi, na shanya, na zaunar da su a kan ƙasan akwatin sosai, don kada ta kutsa ƙarƙashi su danne ta. Salatif kuwa ko kusa ban kai shi ba. Na tuna macijin nan da aka kawo maka ya manne a jikin salatif, ka wuni kana ɓamɓare shi da man girki kana tsine wa mai shi.

Da farko fada na so in gina mata, irin ta bangon littattafaina, mai hasumiya da ƙananan tagogi. Har na zana. Sai na ji muryarka tana dariya, tana cewa maciji ba ya auna rami, kai yake sawa kawai, duk ƙofar da ba ta fi kaurin cikinsa bayan ya ci ba tarko ce. Na yaga zanen. Na ɗauko tukunyar ƙasar da muke shuka na'ana'a, na fasa mata baki a gefe, na zauna da magagari ina goga.

A nan ne na tuna safata.

Kana tune, hasken idona? Muna sababbin aure, wata Lahadi bayan coci, ka matso kusa da kunnena ka ce in ba ka doguwar safata mai shara-shara. Zuciyata ta buga, na ce yau ga ni cikin littafi! Na cire na miƙa maka ina sunkuyar da kai. Sai ka zura ta a hannu kamar safar hannu, ka juya mini baya, ka dinga shafa cikin wani kasko. Na yi fushi har da ƙin cin abinci. Ka biyo ni kana dariya, ka nuna mini inda zaren ya kama ya tsinke, ka ce fatar hannunka ta yi kanta, ƙarya take yi maka, ta ce wuri ya yi sumul alhali zai yanki cikin maciji. Ka ce safa ce kaɗai ba ta ƙarya.

Kai ka faɗa, Bandile, da yatsunka biyar cur. Tun a lokacin ba da jin hannu kake gane kaifi ba. Da safa kake ganewa, da ido, da haƙurin nan naka da ke sa ka koma kan abu sau nawa ma ba na ƙirgawa. Wanne daga cikinsu kasa ta sara? Na zura safar a hannuna, na shafa bakin tukunyar, ta kama a wuri biyu da yatsuna suka rantse sun yi laushi. Na goge, na sake, har ta wuce salin alin. Na zauna da safa a hannu ina jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Bai tsinke ba. Na tashi na kife tukunyar a gefen akwatin da ke da ɗumi.

Kogon ƙarami ne, da kyar ta shige, jikinta yana taɓa bango ta kowane gefe, yadda ka ce suke so. Na yi mata na biyu da robar ayis kirim, na ƙona bakin ƙofar ya yi santsi, na zuba ɓawon kwakwa mai danshi, don idanunta sun yi shuɗi shuɗi, saɓa ta kusa. Ka ce a irin wannan lokaci ba sa gani sosai, kowane hannu abokin gaba ne a wurinsu, kuma babban kuskure shi ne a ɗaga kogo a zaro su don a ga ko lafiya. A sa ruwa kusa, a sa dutse mai kaushi, a bar su. Na bar ta. Ta yi saɓarta ɗaya tilo, daga hanci har wutsiya. Ba ta ci ba tukuna.

Jiya na kira Mama. Ta ce kana zaune a ɗaki, ba ka fita sai da dalili, tuwo ma sai ta yi faɗa. Na gaya mata abin da nake so. Ta ce ni 'yarta ce, ƙofarta a buɗe take, amma wannan abar mai ja da ciki ba za ta kwana a gidanta ba ko da fasto ne ya ɗauko ta. Na tambaye ta ɗakin nan na bayan katanga, inda marigayi Baba yake ajiye kayan aikinsa, shi ma gidanta ne? Ta ce ni da taurin kai kamar jakin dutse, bayan katanga dai ba ruwanta, amma in zo da tsintsiyata.

Ba zan ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, rabin raina. Ba zan roƙe ka ka fito ba, ba zan ce ka nuna mini hannun ba. Ban san yaushe jina zai dawo ba, kamar yadda ba ka san na yatsunka ba. Abin da na sani shi ne ni taka ce da jin da babu jin, yau da ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Yaya Menzi zai zo ranar Asabar kamar yadda aka sa shi. Za mu ɗora akwatin Gogo da katifa da tukwanena. Na riga na gaya masa ba gidanmu za mu ba, Matsulu za mu.

Matarka har abada,
Tengetile