Balan-balan Bakwai

Anka, ranar Laraba.

Zuwa ga Innata a Gummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya Hudu da yara? Tun da aka yanke layin waya ban ji muryarki ba, shi ya sa na roƙi Dabo direba ya kawo wagga takarda, Yaya ya karanta miki.

Inna, na sauka lahiya ran Asabar, mace. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun da gubar dalma ta ɗauke mana yara biyu a Tungar Guru, sai yanzu Allah ya waiwaye mu. To surukinki dai ya zauce! Malamin makaranta guda, da furfurarsa, ya tafi Gusau sayen kayan suna, sai ga shi da wata 'yar tukunya kamar ta gas ɗin girki amma ba nauyi, da ledar balan-balan. Wai iskar cikinta hiliyam ake ce mata, ba ta kama wuta, in an ɗura wa balan-balan sai ta tashi sama da kanta. Mai shagon ya gaya mishi ba a sake cika ta, in ta ƙare yarwa ake yi.

A shingen bincike uku aka tsare shi a hanya yana bayani. Na ce mishi a wanga lokaci da ko fetur a galan an hana ɗauka, wa ke yawo da tukunya? Ya ce shi ba za a yi sunan ɗiyarsa shiru kamar an sato ta ba. Raina bai kwanta ba, amma na kasa hana shi. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun kafin mu rufe yaran nan.

Hanya ba ta biyuwa, kada ki taho. Ki sa mana albarka daga nan.

Ɗiyarki,
Hawwa'u.

Anka, ranar Talata.

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Allah ya sa kuna lahiya, mu kam ba mu kwana lahiya ba. An kama Malam.

An yi suna, ta ci Khairat. Ya ɗura balan-balan ya ɗaɗɗaure a igiyar shanya, yara na ta tsalle. Da la'asar mata suka cika gida, wata ta rataye tabarma, igiyar ta tsinke. Guda bakwai jajaye suka tashi, suka haye katanga, iska ta kora su gabas wajen daji. Muna ta guɗa, ni har da tafi. Kaico!

Jiya da safe 'yan bindiga suka faɗa wa masu aikin gona a gabashin gari, suka tafi da mutum bakwai. Bakwai, Inna. Kafin azahar zance ya gama gari: wai jan launin alama ce, bakwan lissafin mutanen ne, Malam infoma ne mai yi wa mutanen daji ishara. Kin san wanda aka liƙa wa wanga suna ba kotu ake kai shi ba.

'Yan sa-kai suka fitar da shi suna jansa a ƙasa, ko takalmi babu. Lauwali ne a gabansu, wanda Malam ya koya wa karatu tun yana da majina, kuma ƙanensa na cikin waɗanda aka ɗauka. Mai unguwa ya karɓe shi daga hannunsu ya rufe a zaurensa, amma suna ƙofar ba su gusa ba. Tukunyar kuwa kowa ya ƙi taɓawa, wai bam ce.

Gobe za a zauna a kansa. Tsoro nake ji, Inna, har nono ya ƙi zuwa. Don Allah Yaya ya sa malamai su tashi tsaye.

Ɗiyarki,
Hawwa'u.

Anka, ranar Asabar.

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Ki kwantar da hankalinki, yana raye.

Ki gafarce ni, na fita ban yi arba'in ba. Ranar zaman na goya yarinya, na ɗora tukunyar a ka, na nufi ƙofar mai unguwa. Maza masu bindiga suka dare suka ba ni hanya. A gabansu na ɗura balan-balan guda ɗaya. Iskar ta kusa ƙarewa, da ƙyar ta tashi ta manne a rufin zaure. Na ce ga abin nan, wasan yara ne.

Sai Lauwali ya ce ai shi ma abin da yake faɗi ke nan: tana tashi, kuma ana hango ta daga daji. Ashe shaida na ɗauko musu da kaina.

Liman Malam Abdullahi ne Allah ya kawo. Ya sa Malam ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse a gaban jama'a. A kan haka aka sake shi.

Amma mutum bakwan nan har yau suna daji. Takardar jikin tukunyar ta ce a huda ta a ba masu sayen gwangwan, su kuma sun ce ko kyauta ba su so. In na binne ta, a ce mun ɓoye wani abu. Tana nan tsakar gida muna kewaye ta. Ajinsa na yara arba'in, shida suka zo ran Alhamis.

Jiya ya dawo daga Juma'a ya ƙi cin abinci. Sai da na matsa ya gaya mini: da aka tayar da salla, na damansa da na hagunsa suka janye, ya yi raka'a biyun nan da gurbin mutum a kowane gefe. Yana faɗi yana kuka, Inna, shi da bai yi kuka ba ranar da aka ja shi a ƙasa.

A share mana ɗakin marigayi Baba, Dabo zai kawo mu ran Talata in Allah ya yarda. Malam yana gaishe ki da kyau. Ya ce in tambaye ki, ko labarin ya riga ya iso masallacin unguwarku?

Ɗiyarki mai kewarki,
Hawwa'u.