Hannun da Ya Yi Rawa a Ɗakin Gwaji

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon fari, Malamar Maki,

Haka muke kiranki a bayan idonki, kin sani? Shekara huɗu ke nan da na fara shiga ɗakinki na koyon tiyata, mai tsohuwar fanka da kujerar nan mai ɗingishi. Ina ma a dawo da ranar! Kika ɗora mini ƙaton tabarau na na'urar kwaikwayon tiyata, kika damƙa mini dogayen sanduna biyu, sai ga ni a cikin tumbin mutumin da ba a taɓa haifa ba, ina laluben maɗaciyarsa ta 'yar hudar da ba ta fi ramin makulli ba. Sau nawa na kashe bawan Allahn nan? Ke kaɗai kika sani.

Na'ura ba ta da kara. Duk rawar da hannu ya yi sai ta zana ta da jan layi. Sau biyu na faɗi jarrabawa, saura ɗaya a sallame ni. Ke ce kika lura layin ba ya haukacewa sai kin tsaya a bayana. A karo na uku kika kunna na'ura, kika ce za ki sha ruwa, kika fice. Na ci, har da yabo.

Wayyo, nasarar nan ta cuce ni! Kika ɗauka tsoronki nake ji, kika shiga kauce mini a baranda, ni kuma zurfin ciki ya ɗaure mini baki. Wane tsoro? Ƙamshin sabulun hannunki ne, da numfashinki kusa da kafaɗata. Tabarau ya rufe mini ido, amma da me ake rufe zuciya? Son ki nake yi, tun daga ranar farko.

Jiya na ji cewa ranar Litinin za ki sa hannu a takardar canjin wurin aiki, ki tafi nesa. Don Allah ki dakata. Ki ba ni minti goma a ɗakin nan in faɗa miki da bakina. In kin ƙi, ni zan kai miki jakarki mota.

Na yi wa mutane sama da ɗari uku aiki, masu jini na gaske, hannuna bai taɓa yin ko gezau ba. Amma dubi rubutun nan. Ba sai kin kunna na'ura ba.

Naki, har numfashina na ƙarshe,
Likitan da ya fi kowa kashe mutumin cikin tabarau