Motar da Ba Ta da Taga

Daren Talata, unguwar Al-Suwaidi

Bas ɗin kamfani ta lalace yau, sai mudir, wato manajanmu, ya turo motar kaya ta kwashe mu daga ma'aikata, rufaffiya ruf, ba ko taga. Duk muka cusa kai ciki ban da Bashir, dattijon nan ɗan yankin Malabar da muke ɗaki ɗaya. Mudir ya yi ta "yalla, yalla", har ya ce zai soke masa iƙama, takardar izinin zama. Bashir ko gezau. Ni ma na tsokane shi, wai tsoho da tsoron duhu.

Sai bayan isha'i Bashir ya iso ɗaki a ƙafa, leɓe duk a bushe.

Ya ce, "Ɗan'uwa, zamanin Turawa an kama kakana da mutanen ƙauyenmu, aka tura su taragon kaya na jirgin ƙasa, aka garƙame. Da aka buɗe, gawarsa aka sauke. Tun daga nan, a gidanmu ba mai shiga abin da ake kullewa ta waje."

Abinci ya ƙi ciwuwa. Ƙarar sakatar motar nan nake ta ji, wadda aka danna mana muna dariya.

Bas ba ta gyaru ba. Gobe ma motar ce za ta zo, kuma na san ni zan shiga.