Kada Ku Bar Mahaifiyarku a Bakin Titi

Ni Ren Baotian, tsohon direban tasi a birnin Taiyuan, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Likita ya ce zuciyata ta zama tsohon batir, ta daina riƙe caji. Na ce masa ai ta yi ƙoƙari, shekara saba'in da huɗu tana aiki ba a taɓa sake ta ba. Saboda haka kai Tieniu, babban ɗana, da ke Hailan, autata, ku zauna wuri ɗaya ku karanta. Wuri ɗaya na ce. Na san shekara biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa ku.

Na ɗaya: kada wanda ya yi mini kukan tausayi, don da farin ciki zan tafi. A zamaninmu in ka sa farar riga da safe, kafin rana ta take wuyanta ya yi baƙi ƙirin. Kwal muke haƙa, da shi muke girki, shi muke shaƙa. Mahaifiyarku Yulian ta tashi da tari, ta aure ni da tari, tarin ne kuma ya ɗauke ta. Yau daga tagar asibitin nan ina hango duwatsun yamma tar, har bishiyoyin da ke kansu. Wanda ya ga wannan da idonsa, me kuma ya rage masa?

Na biyu: ƙaramar motata mai lantarki ta Tieniu ce. Na san za ka taɓe baki. Ni ma na taɓe nawa shekarar da hukumar gari ta ce duk tasi su koma lantarki. Na ce motar da ba ta ƙara ai keken guragu ce. Ranar da na kawo sabuwar tasin gida, mahaifiyarku ta shiga ta zauna, ta gyara jakarta, ta ce, "Tsoho, kunna mana mu tafi." Na ce, "Baiwar nan, ai mun wuce kasuwa." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sarara sai ta ce, "Shekara talatin kana fakewa da ƙarar inji kana cewa ba ka ji me na ce ba. To yau ƙaryarka ta ƙare." Ta kuwa ƙare, tun daga ranar ban sake samun hutu ba. Tieniu, ka buɗe motar nan ka kwance ta, ka koyi cikinta. Hannun da ya iya injin fetur ba zai kasa wannan ba. Burki da taya kuma ba ruwansu da abin da mota take sha.

Na uku: gida da filin gareji naku ne ku biyu. Ba a sayarwa, ba a gitta bango a tsakiya. Ƙasa ta Tieniu ce, ya ci gaba da gyara. Rufin na Hailan ne, ta shimfiɗa farantan solarta, ta kafa wurin caji a bakin ƙofa. Direban da ya tsaya caji sai ya jira, mai jira kuwa yakan tuna burkinsa na kuka, ya kuma tuna yunwa. Matar Tieniu, Caixia, ta kafa tukunyar taliya. Tulun ruwan tsamin mahaifiyarku nata ne, don ita kaɗai ce ba ta ƙwauron zuba shi a miya.

Ku kuma tuna shekarar da ruwa ya ƙi zuwa a lokacinsa, ya zo da kaka ya kwashe masarar kawunku tana tsaye. Hayaƙin da muka tura sama bai ɓace ba, yana can ya rikita damina da rani. Mu muka tura, ku ne za ku rage.

Na huɗu: rigimarku. Kuna tsammanin kurma ne ni? Ina tsaye a wurin. Ranar sharar kaburbura ta farko bayan rasuwar mahaifiyarku, bisa al'adarmu kowa ya zo da abin da zai ƙona mata don ya isa gare ta a can. Tieniu ya kawo motar takarda ƙatuwa, baƙa, har da salansa biyu. Hailan ta kawo 'yar ƙarama mai lantarki. Ke Hailan kika ce, "Yaya, hayaƙin da ya kashe ta bai ishe ta ba, sai ka bi ta da shi har can?" Kai kuma ka ce, "Sannu, uwar masu ilimi. Wutar da kike taƙama da ita, ba kwal ake ƙonawa a samo ta ba? Kun kashe mini sana'a, yanzu uwar ma za ki ƙwace?" Ka tattake motarka ka tafi. Ta Hailan kaɗai aka ƙona.

Ku biyun kun faɗi gaskiya, ku biyun kuma kun yi rashin kunya. Hailan, da kuɗin baƙin man da ke hannun yayanki kika yi karatu, ba shi ya kashe mahaifiyarku ba, ki ba shi haƙuri. Tieniu, har yanzu ana ƙona kwal, ba musu, shi ya sa ƙanwarka take hawa rufin mutane cikin sanyi da zafi don a rage. Ba ita ta kore maka kwastomomi ba, zamani ne, zamani kuwa riga ne.

Na biyar, kuma shi ne babba. Makon jiya na ɗan kishingiɗa da rana sai na ga Yulian. Tana tsaye a bakin wani dogon titi, ta riƙe ƙugu, motar Hailan a gefenta. Fuskarta shar, ba tari ko kaɗan. Ta ce, "Tsoho, 'ya'yanka kamar ka suke, kai ba ya ja. An aiko mini mota ba abin caji! Kwana uku na hau ta, ta mutu. Tun lokacin nake nan ina jira." Na farka ina dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ku yarda ko kada ku yarda, wannan ruwanku. Ni dai na duba na ga gaskiyarta: kuna can kuna cacar baki, ba wanda ya tuna da waya.

Saboda haka in na tafi, ba na son a ƙona mini kuɗin takarda, ba na son gidan takarda mai bene. Tasin takarda ɗaya nake so, mai lantarki, kuma ba ta kanti ba. Tieniu zai ƙera ta da hannunsa, don in Hailan ta yi, tayoyin ba za su zo daidai ba. Hailan za ta yi abin caji da farantin sola da doguwar waya, don in Tieniu ya yi, zai maƙala masa salansa. A kan teburin girkin mahaifiyarku za ku yi aikin, rana ɗaya, ku ɗauka tare, ku kunna ashana ɗaya. Wannan ɗan hayaƙin na yafe shi, amma shi ne na ƙarshe. Shekarun da za su biyo baya, ku zo da furanni da tsintsiya kawai.

Na sa muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku. Ku ci a tukunya ɗaya, ku ga shuɗin sama har tsufanku. Amma ku sani, in mota ta zo ba caji, a hanya zan tsaya. In caji ya zo ba mota, da ƙafa zan tafi, ga gwiwa ta lalace. Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa barin fasinja a bakin titi ba, ballantana wannan da ta jira ni shekara biyu, kun kuma san bakinta.

Kada ku sa na makara.

Mahaifinku,
Ren Baotian