Shanun Yaya Sale da Manhajarku Ta Goge

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar kai rahoton satar shanu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da addini ya wajabta, amma ka sani da tafasasshiyar zuciya nake wannan rubutu. Sunana Buba, malamin firamare a Gashuwa. Tun ina ƙarami aka cire ni daga kiwo aka sa ni boko, shi ya sa garken gidanmu yayana Sale ne kaɗai ya san shi ciki da waje. Wata biyu ke nan da binne shi.

Na ɗaya. Wata Talata da la'asar, ɓarayi shida suka tare shi a mashayar shanu, kan hanyar Kumagannam. Suka sare shi da adda a kafaɗa da wuya, suka datse masa yatsu uku na hannun da ya kare kansa da shi, suka kora shanu ashirin da uku suka yi arewa. A bayan motar gero aka kawo mana shi asibiti, rigarsa ta manne da jiki saboda jini.

Na biyu. Ku ne kuka bi kasuwanni da lasifika kuna cewa duk wanda ya shigar da kamannin dabbarsa a manhajarku, 'yan sintirin kara, wato kasuwar shanu, za su gani, ba mai sayar da ita daga Nguru har Machina. Sale ya ji wannan, ya kuma yarda da ku. Yana kwance ana ƙara masa jini ya ce in fito da waya. Ya fara lissafo su ɗaya bayan ɗaya: jar saniya mai karyayyen ƙahon hagu, farar karsana mai tsaga biyu a kunnen dama, baƙin bijimi mai tabon ƙuna a cinya. Yana magana jini na ɓulɓulowa ta bandeji, ma'aikaciyar jinya tana yi masa faɗa ya yi shiru, ya ƙi. Fiye da rabin awa ina dannawa, muka kai ta goma sha tara.

Na uku. Sai kiran Innarmu ya shigo. Wane ɗa ne zai ƙi ɗaga wayar uwarsa a irin wannan rana? Ban yi minti ɗaya ba na kashe. Da na koma manhajarku, sai ga shafin farko, da hoton saniya tana murmushi, an rubuta mini barka da zuwa. Na danna baya, na danna gaba, ba ko harafi ɗaya. Wallahi da wanda ya zana saniyar nan yana gabana a lokacin, da sai an ɓamɓare hannuna daga wuyansa. Na juya in ce Sale ya maimaita, na tarar numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya tambaye ni ko rahoton ya tafi, na ce masa ya tafi. Bai kai magariba ba.

Na huɗu. Kada ku ce laifin wayata ne. Na kai ta wurin mai gyara a Nguru, ya ce ƙaramar waya takan rufe manhaja idan kira ya shigo, kuma duk mai ƙera manhaja ya san haka, aikinsa ne ya sa ta riƙa adana abin da aka rubuta, ta mayar da mutum inda ya tsaya. Manhajar da muke hira da ita, ko rabin gaisuwa ka rubuta ka fita, za ka dawo ka tarar da abinka. Ku da kuka ɗauki amanar dukiyar makiyaya masu ƙananan wayoyi, wannan ɗan abin ne ya gagare ku? Ba ku kashe Sale ba, masu adda ne suka kashe shi. Amma ƙarfinsa na ƙarshe ku kuka zubar da shi.

Na biyar. Na sake cikewa da abin da na iya tunawa, guda huɗu kacal, su ma a cakuɗe. Makon jiya a karar Nguru na ga wata jar saniya mai karyayyen ƙaho a hannun dillali. Jikina ya ba ni tamu ce. Shugaban 'yan sintiri ya duba wayarsa, ya ce ni na rubuta ƙahon dama, wannan kuwa na hagu ne, ya tambaye ni ko zan rantse da Alƙur'ani. Na kasa, don a lokacin ni kaina ban tabbata ba. Ina tsaye aka ja ta da igiya aka tura cikin tirelar kudu. Sale ya bar matarsa da 'ya'ya biyar, da nonon shanun nan suke ci.

Abin da nake nema: ku sa manhajar ta riƙa adana kowace saniya da zarar an rubuta ta. Ku gwada ta a irin wayoyinmu, kira na shigowa, kafin ku sake ɗaukar lasifika. In ba za ku iya ba, ku janye ta, mu koma ga cigiyar baki da muka gada.

Allah Ya shirye ku, Ya tsare iyalinka daga adda. Allah Ya raba ka da ranar da za ka tsaya gaban dukiyar marayun gidanku ka kasa cewa taku ce.

Wassalam.

Malam Buba,
Gashuwa.